Fayil Na Biyar A Gonar Mati

Na rasa kunya biyar na shuka a gonata, da jin kunnena na hagu. Na samu takardar gonar da sunana a kanta, Yalwa matar marigayi Mati. Ku 'ya'yan ƙannena da kuke tambayar me ya sa sai ta dama ake min magana, ga dalili.

Shekara guda da rasuwar Mati, ƙanensa Ɗanjuma ya ce gonar ta gidansu ce. Ƙarya yake. Da shanun gadona aka saye ta. Alƙali ya ce in kawo takardar awo ranar Litinin, in ba haka ba a ba Ɗanjuma.

Na ɗauko mai awon filaye, Sadisu. Na'urarsa ƙafa uku gare ta, da kai kamar murfin tukunya. Sai ya kafa ta a kusurwar gona, ya bar ta awa guda tana sauraron tauraron ɗan Adam. Kowace kusurwa da fayil ɗinta, wato bayanin awonta a kwamfuta. Ya ce kwamfuta ba ta karɓar hargitsi. Kowane fayil sai da sunansa, da ranarsa, da tsayin na'urar daga ƙasa, a jere, sannan ta fitar da taswira. Ni na raɗa musu suna: rijiya, hanya, suri, tsamiya.

Huɗu ke nan. Alhamis muka gama.

Juma'a da hantsi sai ga shi a zaure. Na shimfiɗa tabarma, ya ƙi zama.

"Inna, fayil biyar ne."

"Kusurwa huɗu na nuna maka. Kada ka kawo min wayon 'yan boko."

Ya juyo min da kwamfutar. Karatuna bai yi nisa ba, amma na san biyar.

"Jiya da tsakar rana aka ɗauke shi," ya ce, "lokacin na'urar tana cikin jakata. Tsayinsa kuma ba sama da ƙasa ba ne. Ƙarƙashi ne. Kamu bakwai."

"Goge shi."

Ya goge a gabana. Kafin ya ɗage yatsa ya dawo. Na rijiya kuma ya ɓace.

"Ba zan sake ba, Inna. Gonar ma ba zan koma ba."

"Ina wurin yake?"

"Gabas da tsamiya."

Nan na gane. Kowace kaka Mati yakan bar kunya bakwai na gero a gindin tsamiya, ba ya girbewa. Ya ce na masu wurin ne. Ni kuwa, kakar bayan rasuwarsa, na girbe su tas. Ban ga dalilin ciyar da tsuntsaye ba.

Maza suna masallaci na kama hanya. Ni kaɗai. Rana a tsakar ka. Na wuce suri, kukan kurciya ya tsaya cak. Iska ma babu.

Wata tsohuwa na zaune a gindin tsamiya tana sheƙa. Faifan ba ko ƙwaya. Itacen yana da inuwa, ita ba ta da ita. Na dubi ƙafafunta. Duga-dugan ne a gaba.

Ban yi sallama ba. Gonata ce.

"Ɓarauniya ta iso," ta ce. Bakinta ne ke motsi, muryar kuma daga ƙarƙashin tafin ƙafata take fitowa.

"Ɓarawo shi ne mai shiga kayan awon mutane ba izini."

"Kin auna sama. Mu ma mun auna namu. Rabin gonar."

Ni dai ba a taɓa cina a ciniki ba.

"Rabi? Wanda ya sha nono ɗaya da Mati ma ban ba shi taki guda ba. Kunya biyu zan bar miki."

"Mijinki bakwai yake bari, ba ya musu."

"Shi ya sa ya mutu da riga ɗaya. Uku."

Ta daina sheƙar. Ƙasa ta yi sanyi har cikin ƙashina.

"Bakwai. Ko ranar Litinin ki je wa alƙali hannu wofi."

"Sai ki zauna da Ɗanjuma ke nan. Shi tsamiyar zai sare ya yi gawayi. Kin san halinsa."

Sai ta miƙe, ta matso da baya da baya, ta sa bakinta a kunnena na hagu, ta faɗi farashinta na ƙarshe. Shi ne abu na ƙarshe da kunnen ya ji.

Da na dawo, Sadisu yana zaure bai motsa ba. Fayil ɗin rijiya ya koma mazauninsa. Na ce ya jera na biyar bayan na tsamiya.

"Da wane suna, Inna?"

"Maƙwabta."

Kwamfuta ta karɓa nan take. Taswira ta fito da ɗan gutsure a gabas, kamar an ciza. Ranar Litinin Ɗanjuma ya fita daga gaban alƙali bai dube ni ba. Har yau ba ma gaisawa, kuma ban yi kewa ba.

Kada ɗayanku ya bi hanyar tsamiya shi kaɗai da tsakar rana. In kun ga gero a tsaye bayan kaka, ku ɗauke ido.

Bakwai ta nema. Na sallama a kan biyar, da kunne ɗaya.