Farin Zanen Kande da Lakar Bakin Teku

A can da, inda kogi ke haɗuwa da teku, wata baƙuwa mai suna Kande ta sauko wanke farin zanen da za ta ɗaura ran sunan jikarta. Ruwa yana janyewa ta tsoma, zane ya fito jawur da laka. Teku yana turo ruwa ta sake tsomawa, ya fito jawur.

Wata tsohuwa mai gyaran taru ta ce, "Baiwar Allah, muddin yana gudu, laka yake ɗauke da ita. Bari ya tsaya."

Kande ta zauna tana huci. Can ruwa ya cika ya tsaya cik, laka ta kwanta. Ta tsoma, zane ya fito fari fat!

Ran suna mata suka yi ta tambaya, "Wane sabulu ne wannan?"

Kande ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "Zama na yi."