Bakin Hagu na Bindigar Ba'ana

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ku gyara zama, don wannan babu Gizo babu Ƙoƙi a cikinta. Ta Maiduguri ce, a shekarun da mutum kan fita da safe bai san ko zai ci tuwon dare a gidansa ba.

Da hantsi aka kira Insfekta Mahfuz zuwa Kasuwar Shanu. Gawa biyu ya tarar: wani farin bijimi, da Ba'ana, shugaban 'yan gora masu gadin kasuwar. Wuyan Ba'ana a tsage yake daga ƙasan kunne har maƙogwaro, jini ya haɗu da kashin shanu ya zama taɓo. Yatsu biyu na hannunsa babu su. Ga bindigarsa mai baki biyu a gefe, bakin hagu ya dare kamar ɓawon ayaba.

Can gaba kuma ana dukan wani mutum da gora. An riga an rataya masa taya a wuya, ana jiran mai kawo fetur. Insfekta ya harba sama, ya kutsa ya jawo shi, ya jefa shi bayan mota. Thomas ne, mai gyaran batir na unguwar Jiddari Polo.

A lokacin nan, 'ya'yana, in aka nuna ka da yatsa aka ce kai na 'yan daji ne, wato masu tayar da ƙayar baya, ko likkafani ba a nema maka.

Gana, mataimakin Ba'ana, ya tsaya gaban motar. "Yallaɓai, ba mu shi. Shi ke haɗa mana harsashi. 'Yan daji ne suka saye shi."

"Me ya faru tukuna?"

"Bijimi ya tsinke igiya ya soke makiyayi. Ba'ana ya harba ta farko, ta sami bijimin. Ya harba ta biyu, bindiga ta tashi da shi."

"Wa ya ɗura ta?"

"Ba'ana da hannunsa. Ba ya ba kowa ita." Gana ya tofar da yawu. "Muna binne shi za mu zo ofis mu karɓi mutuminmu. Ka san yawanmu."

Insfekta ya ɗauki bindigar ya zura yatsa a bakunan. Bari in gaya muku, irin wannan bindiga bakunanta ba ɗaya ba ne: na dama a sake yake, na hagu a matse, don ƙananan harsasan nan masu kama da gero su fita a dunƙule. To gero ba ya kai wa ga mai bindigar soja, shi ya sa 'yan gora ke zazzage shi su sa curin dalma guda ɗaya. Dalma tana da taushi, ko matsattsen baki ta samu sai ta lanƙwashe ta wuce, amma ta fi tafiya saiti daga sakakken.

A jikin turke Insfekta ya tono abin da ya fito daga bakin hagu. Ba dalma ba ce. Ƙwallon ƙarfe ne na boris ɗin tirela, wanda ko guduma ba ta lotsa shi. Irinsa in ya samu matsattsen baki, sai ya fasa shi. Ya zaro kwankon harsashin ya duba: an liƙe bakinsa da wani abu ruwan zuma. Ya lasa. Ƙaro ne.

A ofis, Thomas yana zaune da ido ɗaya a kumbure.

"Kai ke haɗa musu harsashi?"

"Ban taɓa ba, oga. Batir kawai na sani."

"Wannan ƙunar da ke yatsunka fa? Ka ci gaba da ƙarya, in buɗe maka ƙofa ka je ka gaya musu."

Thomas ya sunkuyar da kai. "Ni ne. Dalmar mataccen batir nake narkarwa. Amma oga, ranar da aka ƙone layinmu, a ɗakin Ba'ana matata da 'ya'yana suka ɓuya. In kashe shi in ce na yi me?"

"Da me kake liƙe baki?"

"Farin kyandir."

"Ba'ana yana sa curi a bakin hagu?"

"Ko da wasa. Curi dama, gero hagu. Wanda ya juya, mari yake sha."

Insfekta ya koma kasuwa. Rumfar Yagana mai tuwo tana kallon inda abin ya faru. Ya gaishe ta da Barbarci.

"Wushe, Ya Yagana. Me kika gani?"

"Ni? Tukunya nake kallo, ɗana."

"Tukunyar da ke kife a ƙasa? Wa ya kifar da ita?"

Ta ci gaba da goge ludayi. Insfekta ya ce, "Akwai mutum a ofishina da za a ƙone kafin magariba."

"Gana ne," ta ce a hankali. "Ba'ana na ɗaga bindiga ya faɗo bayan tukwanena. Gana da ke shiga ruwan harsashi yana dariya, yau shi ke ɓuya don an harbi sa."

"An ce Ba'ana ba ya ba kowa bindigarsa."

"Sai in zai yi walaha. Ba ya sallah da makami a jiki. Kullum Gana ke riƙe masa."

"Kafin rikici, mece ce sana'ar Gana?"

"Ƙaro suke sayarwa, shi da ƙanensa Umara." Ta kalli ƙasa. "Umaran da Ba'ana ya nuna ranar da aka jera samari a layi, ya ce na 'yan daji ne. Aka sa shi a mota, har yau."

Bayan la'asar 'yan gora suka cika ƙofar ofis, ƙasar maƙabarta a ƙafafunsu, galan ɗin fetur a hannu. Insfekta ya fito shi kaɗai da wata bindiga mai baki biyu. Ya ɗaga harsashi guda, bakinsa liƙe da ƙaro, ya nuna wa kowa, ya ɗura shi a bakin hagu.

"Kafin in ba ku shi, mu gwada aikinsa. Wa zai harba sama?"

Hannuwa suka tashi. Insfekta ya wuce su, ya dangwara wa Gana bindigar a ƙirji. "Kai ne babba yanzu."

Gana ya kalli kunamar baya, mai tayar da bakin hagu. Gumi ya keto masa.

"Harba mana," wani ya ce daga baya. "Ko jinin Ba'ana ya sa ka zama mace?"

"Sai an sauya harsashin. Wannan fashewa zai yi."

"Ta yaya ka sani?" in ji Insfekta. "Ban gaya wa kowa zancen ƙaro ba. Duk waɗannan sun yarda su harba. Kai kaɗai ka gan shi ka gane."

Gana ya saki bindigar ya zaro wuƙa. Ya yanki Insfekta a dantse har sai da farin nama ya bayyana. Insfekta ya cafe bindigar ya maka masa gindinta a muƙamuƙi. Haƙora suka zubo a kan siminti. Ya taka masa wuyan hannu har ƙashi ya yi ƙara, wuƙar ta faɗi.

Insfekta ya buɗe gindin bindigar ya zazzage harsashin a tafinsa. Yashi ne a ciki.

Gana yana durƙushe, jini na zuba daga bakinsa. "Ni na sauya harsashin, Ba'ana yana sujada. Umara ko kaza bai iya yankawa ba. Ba'ana ya ɗaga yatsa kawai, bai tambayi kowa ba. Uwarmu ta mutu tana kallon ƙofa."

"Shi ne kai ma da safe ka ɗaga naka yatsan," in ji Insfekta, "a kan mai 'ya'ya."

Mai galan ɗin fetur ya ajiye shi a hankali. Aka buga wa Gana ankwa aka shige da shi, ta gaban bencin da Thomas yake zaune.

To, ga yadda kowa ya ƙare. Gana ya amsa laifinsa gaban alƙali, yana gidan yari. Thomas ya rasa idon nan, ya koma kan batir, bai ƙara narka dalma ba. Yagana tana nan tana tuwonta. Insfekta Mahfuz hannunsa ya warke, amma ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa. Ba'ana yana kabarinsa. Umara kuwa, har yau babu wanda ya san inda nasa yake.

Ƙurunƙus, a nan ta tsaya.