Ɗakin Duba Fuska

Idan mutum biyu duk suna da gaskiya, amma ta ɗaya ba ta tsayawa sai ta danne ta ɗayan, wa ya kamata ya sauko? Har yau ban san amsa ba. Abin da na sani kawai shi ne yadda aka ƙare tsakanin Lirwanu da Sahura.

A bakin ƙofar wata makarantar koyon aikin lafiya da ke Gummi suka fara haɗuwa. Lirwanu malami ne, shi aka ɗora wa tabbatar da sabuwar doka: babu ɗalibar da za ta shiga da nikabi. Sahura ta taho daga Anka da littattafai a ƙirji, ba abin da ake gani nata sai idanu. Ya karanta mata dokar, kansa a sunkuye.

"Malam, ku kawo mace ta duba ni," ta ce a hankali. "Ba ɓoyewa nake yi ba."

Babu mace a ƙofar. Sahura ba ta yi gardama ba, ba ta kuma koma gida ba. Ta zauna a gindin darbejiyar da ke waje, ta buɗe littafi. Washegari ma haka. Abin ya tsaya wa Lirwanu a rai, har ya fara fitowa bayan an tashi yana maimaita mata darasi. A nan ya ji cewa ƙannenta biyu gubar dalma ta kashe a ƙauyen Sunke, kuma tun ranar ta ƙudurta zama ma'aikaciyar lafiya. Nikabin kuwa ba wanda ya sa ta, alkawari ne tsakaninta da Ubangijinta.

Tafi-tafi saƙonni suka fara shiga tsakani.

"Likitata, kin isa gida lafiya? Tun da kika tafi nake tunanin hanyar nan."

"Lafiya lau, Mai tsaron ƙofa. Ka hana ni shiga makaranta, kai kuma ka shige zuciyata ba izini. Ina adalci?"

Ba a daɗe ba ya tura magabata wurin mahaifinta, Malam Hudu. Sai dai Saminu mai sayen zinariya, ɗan ƙanwar Malam Hudu, ya riga su. Ya daɗe yana son Sahura, yana cewa ta bar karatun ya ajiye ta a gida. Shi ya shaida wa Malam cewa Lirwanu ne da bakinsa ya kawo shawarar dokar a taron malamai. Malam Hudu ya sallami baƙin, ya ce ba zai ba da ɗiyarsa ga wanda ya nemi tone mata fuska ba.

Da yamma saƙonta ya shigo: "Da gaske kai ne?"

Lirwanu ya rubuta mata: "Ni ne. Mutumin da ya harbe yayana Yahaya a Zugu, cikin hijabi da nikabi ya shigo kasuwa, bindiga a ƙarƙashi. A gaban Inna aka yi. Tsoro ya sa na yi magana, kuma har yanzu tsoron bai tafi ba. Amma ban san ki ba a lokacin."

Daga ranar ta daina aiko masa da saƙo.

Jarrabawa ta matso, kuma wanda bai zauna ba shekararsa ta tafi. Lirwanu ya roƙi shugaban makaranta a ware ɗaki, mace ta riƙa duba fuskokin ɗalibai. Shugaba ya amince idan an samu macen. Malamai mata duk suka noƙe, don kowa ya san idan mugu ne a ciki, wadda ta ɗaga ƙyallen ita zai fara harbi. Ba wanda ya ga laifinsu.

Sai Lirwanu ya je ga mahaifiyarsa, Inna Atine. Ta ce kada ya sake yi mata zancen. Ba za ta taɓa baƙin ƙyallen nan ba, ba kuma za ta kalli fuskar da ke ƙarƙashinsa ba, ko ta suruka ce.

Ba tare da saninsa ba, Sahura ta je gidan. Tun a tsakar gida ta cire nikabin, ta durƙusa ta gaida Inna. Inna ta juya fuskarta ga bango.

"Inna, ban taho roƙo ba," in ji Sahura. "Ta'aziyya na kawo, ko da ta makara. Ni ma na rufe ƙannena. Wanda ya yi miki wannan, mu ma ya cuce mu, ya ɗauki suturarmu ya yi ɓarna da ita."

Ta yi wa Yahaya addu'a, ta tashi ta tafi. Inna ba ta waiwayo ba.

Safiyar jarrabawa, Lirwanu ya iso ya tarar da Inna zaune kan tabarma a ƙaramin ɗakin da ke gefen ƙofa, carbi a hannu. Ɗalibai suka riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaga ƙyallen. Da Sahura ta yi sallama, Inna ta sunkuyar da kai.

"Wuce, na san muryarki."

Labari ya kai Anka. Malam Hudu ya ce matar da ta sa ranta cikin haɗari don ɗiyarsa ta shiga aji, ba zai hana ɗanta aure ba. Saminu bai zo ɗaurin auren ba.

Ranar buɗar kai, amarya na zaune lulluɓe a tsakiyar dangin ango. Gwaggon Lirwanu ta miƙa hannu za ta yaye mayafin kamar yadda aka saba, sai aka ji muryar Inna daga bakin ƙofa tana cewa a dakata. Mata suka kalli juna, don ba a san uwar miji da shiga wannan wuri ba.

Inna ta durƙusa a gaban Sahura, ta yi bisimilla, ta ɗaga mayafin da hannunta. Ta daɗe tana kallo, hawaye na zuba.

"Ashe haka kike, ɗiyata," ta ce. "Allah Ya yi muku albarka, Ya zaunar da ku lafiya."