Kati Biyu Na Auta

Umma ta zazzage jakarta a kan gado tana neman tabarau, Auta kuma tana kan keken ɗinki tana ɗinke bakin wani siket da yatsunta masu kumburi.

"Gobe Talata," in ji Umma. "Koren kati za ki ɗauka. Ki duba da kyau, kar ki haɗo da wancan."

"Wancan ɗin yana da suna, Umma."

"Ba a gidan nan ba."

Kati biyu Auta take da su. Koren na asibitin gaɓoɓi ne, inda ake duba ta saboda garkuwar jikinta, wadda aka halitta don yaƙar cuta, ta juyo tana yaƙar gaɓoɓinta. Wannan ciwon kowa ya san da shi, maƙwabta har dubiya suke zuwa. Rawayan kuwa na likitan ƙwaƙwalwa ne, a can ɗaya gefen gari, sai an shiga mota biyu. Tun tana shekara sha tara take fama: wani lokaci baƙin ciki ya danne ta makonni, wani lokaci ta tashi sama, ba barci ba hutawa. Shekara huɗu ke nan tana shan magani tana zaune lafiya, amma katin nan bai taɓa barin durowar keken ɗinki ba sai ranar da za a je can. Dokar Umma ce kada ma likitocin biyu su san da juna. In likitar gaɓoɓi ta tambaya ko Auta na shan wani magani, Umma ce take riga ta amsawa, "Babu."

Ba mugunta ce ta sa Umma haka ba, tsoro ne. Ta ga yadda kalma ɗaya take korar manema daga ƙofar gida. Sai dai ta manta ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

A kan bencin asibitin gaɓoɓin Auta ta haɗu da Hajiya, wata dattijuwa mai kaifin baki wadda irin wannan ciwon ya lanƙwasa wa yatsu. Duk Talatar da suka haɗu Auta ce ke buɗe mata robar ruwa. Cikin shekara guda Hajiya ta yanke hukunci da kanta: wannan yarinya mai haƙuri ta dace da ɗanta, wanda yake gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki, kowa yana kiransa Injiniya. Ta haɗa su, suka kuwa so juna so na gaske. Ga duk wanda ya yi gunagunin an ɗauko marar lafiya, Hajiya takan ɗaga hannunta ta ce, "Ciwonmu ɗaya da ita. Wanda ya raina ta ni ya raina."

Injiniya ya san da rawayan kati. Auta ta gaya masa tun zuwansa na uku, ba da sanin Umma ba. Ya ce bai dame shi ba, kuma da gaske yake. Abin da ya gagare shi shi ne buɗe baki gaban uwarsa.

"Ka gaya wa Hajiya?" Auta ta tambaye shi wata yamma a ƙofar gida, saura wata biyu biki.

"Ina neman lokacin da ya dace."

"Wata biyar kana nemansa. In firij ɗin mutum ya mutu, haka kake ce masa bari ka nemi lokacin da ya dace?"

Ya yi dariya yana sosa ƙeya. "Sori, ranki ya daɗe. Bayan biki komai zai fi sauƙi."

"Zai fi maka sauƙi dai."

Ba a yi mako biyu ba ciwon gaɓoɓin ya tashi mata sosai, har ta kasa riƙe almakashi. Likita ta ƙara mata wani magani mai ƙarfi don kwantar da kumburin, ta sake yin tambayarta ta kullum, Umma ta sake cewa babu. Auta ta buɗe baki, Umma ta taka mata ƙafa, ta yi shiru. Wannan shirun ta daɗe ba ta yafe wa kanta shi ba.

Kumburi ya sauka, barci ya tafi tare da shi. Kwana huɗu Auta ba ta runtsa ba. Rana ta biyar da hantsi Hajiya ta shigo da yadin da take so a ɗinka mata na biki, ta tarar da ɗaki cike da ƙyallaye. Auta ta yayyanka kayan mutane kaf, tana magana ba numfashi, wai za ta buɗe shago goma kafin jibi. Ta fizge yadin Hajiya, kafin a ce kwabo ta raba shi gida shida tana dariya. Umma ta ruɗe tana neman maganin Auta, ta jawo durowar keken har ta faɗi ƙasa, rawayan kati ya faɗo gaban Hajiya. Hajiya kuwa ta iya karatu.

Mako uku Auta ta yi a kwance a asibitin ƙwaƙwalwa. Likitan ƙwaƙwalwa da ya ga sabon maganin a jakarta, ransa ya ɓaci. Ya ce wa Umma irin wannan maganin yana iya tayar da ciwo irin na Auta, kuma da likitar gaɓoɓi ta sani da ta bi wata hanya ko ta sa ido. Umma ta zauna a baranda ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar mijinta. Kafin a sallamo Auta saƙon Hajiya ya riga ta isa gida: an fasa, ba za a gauraya musu jini da hauka ba.

Ranar da ta dawo, Auta ba ta yi kuka ba. Ta fara da kiran masu kayan da ta ɓata ɗaya bayan ɗaya, ta gaya musu abin da ya same ta da sunansa. Sannan ta ɗauko katunan biyu, ta jera su gefe da gefe a ƙarƙashin allurar keke, ta taka. Jan zare ta sa, ta bi layin sau uku.

"Me kike yi haka?" Umma ta dafe ƙirji.

"Jikina ɗaya ne, Umma. Na gaji da zama mutum biyu."

"Kina so ki tona mana asiri a gari?"

"Asirin da ya kusa kashe ni? Ki yafe min, ban taɓa ɗaga miki murya ba, yau ma ba zan ɗaga ba. Amma daga yau in likita ta yi tambaya, ni zan amsa."

Umma ta dube ta, ta ga ba yarinyar da take taka wa ƙafa ba ce. Ta juya ta fita.

Injiniya ya zo da yamma, ya rame kamar shi aka kwantar. Ya ce shi bai fasa ba, in ta yarda za su yi aurensu ko Hajiya ba ta so.

"Ban yarda ba," in ji Auta. "Ina sonka, Allah ya sani, a asibiti ma sunanka nake kira. Amma ba zan shiga gidanku ta taga ba. Kai ma ɓoye ni ka yi, kamar Umma. Ka juya wa Hajiya gefena mai kyau kamar kayan gwanjo. Ka je ka gaya mata ka sani tun farko."

Maganar ta yi masa zafi don gaskiya ce. Ya tafi kai tsaye ya durƙusa gaban uwarsa ya faɗa mata. Hajiya ta yi faɗa kamar za ta ari baki, ta ce an shanye shi, ta ce danginsu kaf ba a taɓa samun mai taɓin hankali ba. Ya bari ta gama.

"Hajiya, ina shekara goma sha ɗaya kika yi kusan shekara a ɗaki. Ba kya ci, ba kya magana, sai kuka. Ni nake tsefe wa ƙannena kai. Baba yana ce wa mutane gajiya ce. Ban taɓa jin kunyarki ba, ko sau ɗaya."

"Tashi ka ba ni wuri," ta ce. Ya tashi.

Talata ta zagayo. Umma ta roƙi Auta ta canja rana don kar su haɗu da Hajiya, Auta ta ce ita ba ta saci kayan kowa ba. Ta tafi ita kaɗai, ta zauna a bencinta na kullum, katunan nan a kan cinyarta kowa na gani. Hajiya ta matsa can ƙarshen benci, ta ɗauko robar ruwa tana kokawa da murfin. Auta ta miƙa hannu. Hajiya ta mayar da robar jaka, ta gwammace ƙishirwa.

"Ina kwana, Hajiya. Ba biko na zo ba, layina na zo bi. Amma kin ce jininku daban, namu daban. Likitarki ita ce likitata. In an kira ni ki shigo ki tambaye ta a gabana, na ba ki izini."

"Kina zaton tsoro zan ji?"

"Ban taɓa ganin kin ji tsoro ba."

Da nas ta kira Auta, Hajiya ta riga Auta shiga. Likita ta juya ɗinkakken katin a hannunta, ta karanta rawayan, sannan ta ce da ma tun shekara huɗu aka kawo mata shi. Hajiya ba ta jira an ba ta dama ba.

"Likita, so nake a gwada ni a rubuta min takarda. Ciwona na jiki ne. Nata na biyun nan ba mu haɗa hanya da shi ba."

"Babu gwajin da zai ba ki wannan takardar, Hajiya, ke ko ni ko wani," in ji likita. "Kuma ban so ki kafa hujja da ciwonki. Masu bincike sun duba ƙwayoyin gado na mutane masu yawan gaske, sun ga wasu daga cikin waɗanda ke da hannu a rikicewar garkuwar jiki suna da hannu a wasu cututtukan ƙwaƙwalwa. Ba wai duk mai wannan sai ya yi wancan ba, yawanci ma ba sa yi. Amma katangar da kike gani tsakanin ciwon biyu, mutane ne suka gina ta."

"To jikokina fa?"

"Haɗarin zai ɗan fi na wasu, ba zan ɓoye miki ba, kuma ba daga gefe ɗaya zai zo ba. Amma gado ba hukunci ba ne. Yaran da za a fi tausaya wa su ne waɗanda za su tashi a gidan da ake ɓoye wa likita magana."

Hajiya ta dubi yatsunta da suka lanƙwashe. Laifi tudu ne, in ji masu magana, ka taka naka ka hango na wani, ita kuwa ko laifi babu a cikin abin da ta hango. Ta tashi ta fita ba sallama, ba ta ma tsaya an duba ta ba.

Kwana tara ba a ji ɗuriyarta ba. Auta ta ci gaba da shan magungunanta, waɗanda yanzu likitocin biyu suka daidaita tare, ta koma kan keke tana biya wa mutane ɗinkinsu. Tana kewar Injiniya har abinci ba ya mata daɗi, amma ba ta kira shi ba. A rana ta goma Hajiya ta yi sallama, ɗanta na biye da ita kansa a ƙasa. Ta ƙi zama a kujera, ta zauna bakin gado kusa da Umma.

"Ni ma na yi shekarata a ɗaki," ta ce. "Ba wanda ya kai ni ko'ina. Aka rufe ƙofa aka ce gajiya ce. Da na samu katin da na raina, da yaron nan bai yi renon ƙannensa yana yaro ba." Hawaye ya zubo mata, ta bar shi. "'Yata, na zo biko. In kin ƙi, ba ki yi laifi ba."

Umma ta yi wuf za ta amsa, sai ta tuna, ta kama bakinta.

"Na yarda, Hajiya, amma da sharaɗi," in ji Auta. "Ciwon nan zai iya dawowa. In ya dawo, ba gajiya ba ce, ba aljanu ba ne, ba a rufe ni a ɗaki. Asibiti za a kai ni, kuma duk wanda ya tambaya a gaya masa inda nake."

"Ni zan kai ki," in ji Hajiya. "In wannan ragon ya tsaya neman lokacin da ya dace."

Injiniya ya rufe fuska da hula, har Umma sai da ta yi dariya.

Aka ɗaura aure bayan wata uku. Wasu dangin ango sun ƙi zuwa, ba kuma a bi su da roƙo ba. A shekara ta biyu ciwon ƙwaƙwalwar ya ɗan motsa, aka tare shi cikin kwana biyu, domin a gidan ba wanda ya tsaya raɗa.

Mai haƙuri yakan dafa dutse, amma haƙurin Auta ba na rufe baki ba ne. Ku da kuke tasowa, ku riƙe wannan: ba ciwon da ya fi wani daraja, ba kuma jinin da aka ba takardar tsarki. Wanda zai so ki, ya so ki da duk abin da likita ya sani game da ke. In sai an ɓoye rabinki zai zauna, tun farko ba ke ya zo nema ba.