Mai Fayil Bai Fita Ba

Rana na shirin faɗuwa aka tura Maren gidan injinan tsotse ruwa da ke bakin kogi. Ƙanƙara ta narke a Manitoba ta ƙasar Kanada, kogi ya cika yana neman shiga gari. Aikinta bai taka kara ya karya ba: ta gyara layi ɗaya a kwamfuta, babban inji ya tashi.

Ƙanenta Dustin kuwa yana can cikin ramin da ke ƙarƙashin gidan injinan, ƙofar ƙarfe ta rufe da shi. Oba-oba ta yi ƙara.

"Yaya, ruwa fa ya kai min ƙugu. Ko shayi kika tsaya sha?"

"Rufe min baki, ka riƙe tsani!"

Sai dai masu gyaran kwamfutar sun share manhajar rubutu, ba abin da za ta buɗe fayil ɗin da shi. Ta birkita ko'ina, har ta ci karo da tushen wata manhajar rubutu da tsoho Hollis ya rubuta da kansa. Shi ne injiniyan da ruwa ya ci a wannan ramin bara waccan.

Ta sa kwamfutar ta harhaɗa tushen ya zama manhaja mai aiki. Layuka suka yi ta gudu a allo, tsohuwar na'ura tana nishi. Ɗakin sai warin man inji da tsatsa.

"Yaya, ya zo ƙirji."

Yanzu ba wasa a muryarsa.

Harhaɗawa ta ƙare. Ta girka manhajar, ta buɗe fayil. Allo ya ce akwai mai aiki a ciki, bai fita ba. Sunansa Hollis.

Duk mai wannan sana'a ya san ba a fasa wa mutum fayil yana ciki, sai an tambaye shi. Maren ba ta tambaya ba. Ta fasa fayil ɗin ta shiga.

Ta rubuta layin. Haruffan suka goge, ɗaya bayan ɗaya.

Ta sake rubutawa. Suka sake gogewa.

Sai warin laka ya cika ɗakin. A bayanta wani abu yana ɗiga. Ɗis. Ɗis.

Madannan kwamfutar suka fara nutsewa da kansu, sharkaf da ruwa. Rubutu ya fito: "Ni wa ya tayar min da inji ranar da ruwa ya ci ni?"

Tsoro ya kama ta har ƙashi, amma na rasa Dustin ya fi shi.

"Baba Hollis," ta ce da raɗa, "na yi laifi, ban nemi izini ba. Ƙanena ne a ƙasa. Don Allah."

Oba-oba ba magana, sai kurɓar ruwa.

Hannu mai sanyi ya sauka kan nata na dama. Ba ta waiwaya ba. Ya danna yatsunta, harafi bayan harafi, har layin ya cika.

Inji ya yi ruri, ginin ya girgiza.

Hannun bai saki ba. Ya fara janta wajen bakin rami.

Ta fizge da ƙarfin tsiya, ta bangaje ƙofa, ta faɗi a kan tsakuwa.

An fito da Dustin da ransa, yana amayar da ruwa. Hannun Maren kuwa bai ƙara ɗumi ba, likitoci sun yi nasu sun gaji. Da ta taɓa madannai sai yatsun su sandare, dole ta bar aikin.

Har yau Dustin na zolayarta. "Layi ɗaya tak, Yaya, shi ne kika yi ritaya?"

Sai ta yi dariya, ta miƙa masa kofi da hagu.