Sabis Bai Kai Ɗakinmu Ba

Ba a daɗe da binne matarsa ba Almustapha ya koma aiki. Ba ya jin yunwa, ba ya jin gajiya. Wani ɗan kasuwa a Wara ya kira shi ya haɗa waifai a sabon gidansa na bakin gulbi, yana son sabis ya kai kowane ɗaki.

Ya kafa rauta, na'urar da ke rarraba sabis ɗin, a falo, ya ƙara na'ura biyu a baranda. Da aka kira magariba maigidan ya tafi masallaci, shi kuwa ya ci gaba da zagayawa yana gwada sabis a wayarsa.

A bayan gida ya tarar da wata tsohuwa tsaye, zaninta na warin laka.

"Ɗana, bai kai ɗakinmu ba," ta ce, muryarta kamar daga cikin randa.

"Ina ɗakin yake, Inna?"

"Taho."

Ya bi ta, idonsa a kan waya. Suka wuce katanga, suka gangara. Maimakon sabis ya ragu, sai ƙaruwa yake yi. Bai yi mamaki ba, tun rasuwar ba abin da ke ba shi mamaki. Kwaɗi suka yi shiru.

"Da sauran tafiya?"

"Kaɗan ya rage."

Sai da sanyi ya taɓa hannun da ke riƙe da wayar sannan ya ɗaga kai. Ruwa ya kai masa ƙirji. A gabansa ɗankwalin tsohuwar ya riga ya nutse, amma yana jin ta sarai daga ƙasa tana cewa, "Sunkuyo, ɗana, ƙofar gajeriya ce."