Wayar Da Aka Naɗe Da Leda

Da hantsi aka iske an ɓalle ƙofar Rediyo Kukan Kurciya ta Korgom, an ɗauke na'urar watsa shiri. Ranar ce kuwa Rahina mai gabatarwa za ta sa muryoyin makiyayan da Alhaji Bashiru ya toshe wa burtali da shinge.

Ajidan Rabo, jandarma, ya iso bisa babur daga Tasawa, rai a ɓace. Batiran sola suna nan, ga su da daraja a kasuwa. Wayar eriya kuwa ba yanke ta aka yi ba, kwance ta aka yi, aka naɗe bakinta da leda.

Ya fara da mai gadi, Na Allah.

"Ina kake?"

"Gona, ranka shi daɗe. An yi ruwa, kowa na shibka."

Maƙwabtan gonarsa sun shaida. Alhaji Bashiru kuwa dariya ya yi.

"Ni in yi sata? Ajidan, mai iya buga waya guda zuwa ga manya mi zai yi da ƙarfen ɓalle ƙofa?"

Abin haushi, gaskiya ya faɗa.

Saura Halilu, makanikin gidan rediyon, wanda ya kafa eriyar da hannunsa shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Rabo ya same shi gindin rumbu.

"Malam Halilu, in aka bar bakin wayar eriya a buɗe, mi ke faruwa?"

"Ruwa shi shiga, ta lalace."

"Wa ya san haka a Korgom?"



"Ɓarawo ba ya tausayin abin da ya bari," in ji Rabo. "Wanda ya naɗe wayar nan yana da niyyar maido ta. Kuma bai taɓa batir ba, don ba saidawa ta kawo shi ba."

Halilu ya hau rumbun, ya zaro na'urar daga cikin damman gero, lulluɓe da zane.

"An kira ni jiya," ya ce. "An ce in shirin ya fita, a janye muna izinin watsa shiri, a kulle Rahina. Na roƙe ta, ta ƙiya. Na ce gara mu yi shiru kwana uku da mu yi shiru har abada."

Tausayi ya kama Rabo, har ya kasa fiddo ankwa. Suka maida na'urar tare, Rahina na tsaye ba ta ko dubi Halilu ba. Ana cikin ɗaura waya, wayar Rabo ta yi ƙara. Ya saurara, ya ce to, ya ce to.

An dakatar da izinin tun jiya da la'asar, kafin Halilu ya taɓa ƙofar. Rabo aka umarta ya sa ma gidan rediyon kwado.

Rahina ta miƙa masa makullin da kanta.

"Ka gano ɓarawon na'ura, Ajidan," ta ce. "Wannan satar wa za mu kai ma ƙara?"